Manajan Gonar Da Ya Faɗi Aibin Zaɓensa Da Bakinsa

A shekarar 1962 aka ɗauko wani yaro daga makarantar firamare ta Rafukka a birnin Katsina, aka kai shi makarantar kwana ta Dutsin-Ma. Shekarunsa ba su wuce 11 ba. Ba ɗan manomi ba ne, ba kuma ɗan talaka ba. A daidai wannan lokaci mahaifinsa minista ne a gwamnatin Tafawa Ɓalewa, kuma birnin Legas kacokan ne a ƙarƙashin ma'aikatarsa. Mai karatu, da kai ne kake riƙe da Legas, ga manyan makarantu a ƙofar gidanka, za ka tura ɗanka Dutsin-Ma, can ƙasar gero da dawa, maƙwabtan Kurfi da Barkiya? To, Malam Musa 'Yar'adua ya tura nasa. Sunan yaron Umaru.

Na san da jin sunan ka ce ai ka san labarin: gwamna ne, shugaban ƙasa ne, ya yi jinya, ya rasu. Dakata tukuna. Akwai shekara shida a rayuwar mutumin nan da ba a cika tsayawa a kansu ba, kuma a ganina su ne mabuɗin sauran. Kafin mu kai gare su, bari ka ji rigimar da ya fara tarowa a cikin gida.

Daga Dutsin-Ma ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Keffi a 1965, daga nan Kwalejin Barewa a Zariya, sai Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya karanta kimiyyar sinadarai da aikin koyarwa, ya gama a 1975. Ya yi bautar ƙasa a Legas, ya dawo ya kama alli, farko a Zariya, daga baya a Katsina. Malamin makaranta ke nan, mai jiran albashin ƙarshen wata. Alhali yayansa, Janar Shehu Musa 'Yar'adua, shi ne mutum na biyu a gwamnatin soja ta Obasanjo daga 1976 zuwa 1979. Kalma guda daga bakin wannan yaya ta isa ta canza masa rayuwa. Ya zauna a aji.

Da aka buga gangar siyasar Jamhuriya ta Biyu, gidan 'Yar'adua ya san inda ya dosa. Mahaifinsa jigo ne a NPN, har ya taɓa riƙe mataimakin shugaban jam'iyyar na ƙasa. Ina Umaru ya nufa? PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, jam'iyyar talakawa, wadda kullum wa'azinta a kan irin gidajen da shi kansa ya fito ne. Ka tuna a lokacin babu Jihar Katsina. Dutsin-Ma da Kurfi da Funtua duk a cikin tsohuwar Jihar Kaduna suke. A can PRP ta ci kujerar gwamna da Balarabe Musa, wanda ya soke haraji da jangali, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisar dokoki. Aka yi ta kai ruwa rana, majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, har ta tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981. Mutanen Katsina na kowane ɓangare a wannan dambe: kakakin majalisar, Mamman Abubakar Ɗanmusa, namu ne, Dakta Yusufu Bala Usman na Musawa, da ke tare da gwamna, namu ne, Abba Musa Rimi da ya gaji kujerar, shi ma namu ne. A cikin wannan zafi, Umaru, ɗan Matawallen Katsina Malam Musa, yana layin masu adawa da jam'iyyar ubansa. Mai karatu, kai za ka iya durƙusawa ka gai da mahaifinka da safe, da yamma ka tafi taron waɗanda ke neman kayar da shi?

Sai ga 1983. Umaru ya ajiye alli, ya nufi Funtua.

Yayansa Shehu, bayan ya tuɓe kaki a 1979, ya shiga harkar noma da kasuwanci, kuma daga cikin abin da ya kafa akwai gonar Sambo Farms a Funtua. Umaru ne babban manajanta na farko. Ba gadar wani ya yi ba, shi ya fara. Funtua kuwa ba baƙuwar noma ba ce. Garin auduga ne tun zamanin Turawa, ga injin gurza, ga tashar jirgin ƙasa a kan layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda. A lokacin, a nan hukumar cinikin auduga ta ƙasa take da hedikwata. Funtua na cikin wurare uku, tare da Gusau da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, shirin da ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara a yankin. In kana neman inda za ka gwada noman zamani a Arewa, ka zo wurin. Sai dai ka zo a wace shekara?

A 1983 damina ta yi gardama, fari ya sauka a Arewa. A wannan shekara ciwon bushiya ya yi wa garken shanu mummunar ɓarna. Kuɗin fetur ya karye, gwamnatin Shagari na cikin tsuke bakin aljihu, kayan gyaran inji sai da lasisin shigo da kaya. Ranar ƙarshe ta shekarar sojoji suka ƙwace mulki. Ka ga irin marabar da aka yi wa sabon manaja.

Mai karatu, ko ka taɓa tsayawa kusa da mai riƙe da babbar gona a farkon damina? Ruwan shuka ya sauka daren jiya. Ƙasa ta jiƙa, kwana biyu ko uku kake da su kafin ta bushe. Tarakta ta shiga huɗa, ta yi kunya goma, ta tsaya cik. Ƙarfen da ya karye babu shi a Funtua, watakila babu shi a Kaduna. 'Yan ƙwadago na zaune a gindin bishiya, kuma da la'asar sai an sallame su, an yi aiki ko ba a yi ba. Takin da aka biya tun bazara bai iso ba. Idan ya iso a makare, masara ta riga ta yi ja, ba ta kuma jin ban haƙuri. Duk wanda ya riƙe gona a waɗannan shekaru ya sha wannan. A kan haka kuma a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP: naira ta faɗi, duk abin da ake sayowa daga waje ya yi tsada, aka kuma rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta audugar da ke Funtua. Umaru ya zauna a wannan kujera har 1989. A tsakani ma ya zauna a hukumar gudanarwar kamfanin samar wa manoma kayan aiki. Me mutum ke koya a irin wannan wuri?

Ga abin da nake gani. Ɗan siyasa na iya hawa mumbari ya ce an samu ci gaba, a tafa masa. Amma manajan gona, ranar da aka gama sussuka, buhu ake jerawa a ƙirga a gaban mai gona. In ɗari uku ne, ɗari uku ne, ba a cike giɓin da daɗin baki. Wanda ya yi kaka shida yana ba da irin wannan lissafi, da wuya ya saba da ɓoye lamba. Riƙe wannan, za mu buƙace shi nan gaba.

Ranar 23 ga Satumban 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Shekara ta zagayo, Babangida ya kafa majalisar tsara kundin tsarin mulki a Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu, kuma manajan gonar Funtua na cikin wakilanta. Daga lissafin taki da man tarakta, sai ga shi a zauren da ake auna kowace kalma ta dokar ƙasa. Zama ne mai zafi. Batun kotunan Shari'a ya raba wakilai gida biyu, har sai da sojoji suka hana ci gaba da muhawarar a kansa. Aka dai kammala, aka fito da kundin 1989. Ka san abin da ya faru da shi? Bai taɓa aiki gaba ɗayansa ba. Jamhuriya ta Uku ta mutu kafin ta tsaya da ƙafarta.

Duk da haka siyasa ta riga ta shige shi. Ya bi tafiyar yayansa zuwa SDP, ya zama sakataren jam'iyyar a Katsina, ya tsaya takarar gwamna a Disambar 1991. Ga sunan gida, ga ilmi, ga Shehu a bayansa. Ya faɗi. Alhaji Sa'idu Barda na NRC ne ya ci. Wannan kaye ƙarami ne a kan abin da ke tafe.

A Maris na 1995 gwamnatin Abacha ta kama Shehu 'Yar'adua bisa zargin juyin mulki, bayan ya tsaya kai da fata a taron tsarin mulki cewa sai sojoji sun sa ranar sauka. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar ɗauri. Ranar 8 ga Disambar 1997 ya rasu a hannun hukuma, yana ɗaure a Abakaliki. Gawarsa aka kawo Katsina. Mai karatu, tsaya ka sa kanka a wannan gida. Siyasa ta cinye maka yaya, wanda shi ne ginshiƙin gidan. Kana da abin yi, kana cikin daraktocin banki da kamfanoni, ba wanda zai zarge ka in ka ce ka yafe. Da kai ne, za ka sake kusantar akwatin zaɓe?

Shi ya kusanta. A Janairun 1999 ya ci gwamnan Katsina a PDP. Abin da ya fara jawo masa ido ba wani gini ba ne: takardar bayyana kadarorinsa ya fito da ita fili, kowa ya gani. Doka ta ce ka cike takardar ka miƙa wa hukumar ɗa'ar ma'aikata, ba ta ce ka nuna wa jama'a ba. Shi ne gwamna na farko da ya yi hakan. Ya yi shekara takwas yana damƙe da bakin jaka, har 'yan siyasa na ƙorafin ba ya sakin hannu. Ya sa ƙarfi a makarantu da hanyoyi, ya kafa jami'ar jiha a 2006, wadda yau take ɗauke da sunansa. Ba ya yawo, ba ya surutu, har mutane da yawa a Kudu ba su san fuskarsa ba.

A nan dole in tsaya in faɗi wani abu da ke ci wa mutanen Dutsin-Ma da Kurfi da Barkiya tuwo a ƙwarya. A 1983, shekarar da Umaru ya shiga gona, aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, kusa da garin da ya yi firamare. An gina ta ne don noman rani da ruwan sha. Ruwa ya taru, ya kwanta. Umaru ya yi gwamna shekara takwas, ya yi shugaban ƙasa kusan uku, aikin da aka gina Zobe dominsa bai kammala ba. Sai a 2021 Shugaba Buhari ya buɗe kashin farko na aikin ruwan sha. Madatsar ta gwamnatin tarayya ce, gaskiya ne, amma ai ya hau kujerar tarayyar. Tsohon manajan gona ya fi kowa sanin abin da ruwa a watan Fabrairu ke nufi ga manomi. Wannan bashi ne, kuma ƙaunar da muke yi masa ba ta goge shi ba.

Mu koma. A Mayun 2006 majalisar dattawa ta binne yunƙurin tazarcen Shugaba Obasanjo. Sai Obasanjo, wanda aka ɗaure tare da Shehu a kan zargi guda, ya waiwayo Katsina ya nuna ƙanin amininsa. A Disamba PDP ta tsayar da Umaru. Amma akwai matsala da kowa ya sani: tun 2000 yake fama da ciwon ƙoda. A Maris na 2007, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, aka ɗauke shi zuwa Jamus. Kafin magariba jita-jita ta cika ƙasa cewa ya rasu. Me Obasanjo ya yi? A kan mumbari a Abekuta, gaban dubban jama'a, ya kira shi a waya, ya kanga wayar a bakin lasifika, ya tambaye shi ko ya mutu. Murya ta fito daga Jamus tana cewa yana raye. Filin ya kaure da sowa. Mai karatu, an taɓa tambayarka wannan tambaya a gaban duniya, kana kwance a gadon asibiti?

Ranar 21 ga Afrilun 2007 aka yi zaɓe. Babban abokin karawarsa ɗan jiharsu ne, Janar Muhammadu Buhari na Daura. Hukumar zaɓe ta ce Umaru ya samu ƙuri'a sama da miliyan 24, Buhari sama da miliyan 6, Atiku Abubakar sama da miliyan 2. Amma duk wanda ya ga zaɓen ya san abin da ya gani: rumfunan da kayan zaɓe ba su isa ba, akwatunan da aka sace, sakamakon da aka rubuta inda ba a jefa ƙuri'a ba. 'Yan kallo na Tarayyar Turai suka ce zaɓen ya gaza mizanin da duniya ta yarda da shi.

To, ga wurin da nake so ka tsaya da kyau. Ranar 29 ga Mayu ce, a Dandalin Eagle da ke Abuja. An rantsar da kai. Wanda ya kawo ka yana zaune a gefenka. Jam'iyyarka ta cika fili. Abokan hamayya sun nufi kotu, kuma duk kalmar da ta fito daga bakinka lauyoyinsu za su tsince ta. Masu ba da shawara na kowane zamani abu guda suke cewa a irin wannan rana: ka gode wa jama'a da suka zaɓe ka, ka wuce. Mai karatu, don Allah, da kai ne me za ka ce?

Umaru ya buɗe baki, a cikin jawabinsa na farko, ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kuma yi alkawarin kafa kwamitin gyara. Ba a tilasta shi ba, ba kotu ce ta matse shi ba. Ka duba tarihin ƙasar nan, ka duba na maƙwabta, ka ƙirga shugabannin da suka tsaya ranar rantsuwa suka faɗi aibin nasararsu. Wasu sun ce ai magana ce kawai, tunda bai sauka ba. Haka ne, bai sauka ba. Amma a ƙasar da mai mulki ba ya taɓa laifi, faɗin ma jarumta ce, kuma daga ranar babu wanda ya isa ya ce zaɓen 2007 lafiya lau ne.

Wata guda bayan haka ya sake fito da takardar kadarorinsa, wannan karon a matsayin shugaban ƙasa: dukiyar da ta kai kimanin naira miliyan 856, da bashin da ake bin sa na kusan miliyan 89. Har bashin bai ɓoye ba. Mataimakinsa Goodluck Jonathan, da surutu ya yi yawa, shi ma ya fito da tasa. A Agusta ya naɗa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais. Ya rage kuɗin fetur daga naira 75 zuwa 70, daga baya 65. Aka warware cinikin matatun Kaduna da Fatakwal. Ya saki kuɗin ƙananan hukumomin Legas da aka riƙe, alhali jihar a hannun 'yan adawa take. A Disambar 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujera a ƙarar Buhari, alƙalai huɗu suka rinjayi uku. Saura ƙiris!

Jinin noman bai bar shi ba. Wadatar abinci da gyaran dokar mallakar ƙasa na cikin ƙudurori bakwai na gwamnatinsa. A 2009 aka ware naira biliyan 200 don rancen manyan gonaki, aka kuma naɗa kwamitin Farfesa Akin Mabogunje ya duba yadda mai gona zai samu takardar gonarsa. A Yunin wannan shekara ya yi wa 'yan bindigar Neja Delta afuwa, dubbai suka ajiye makamai, man da ake haƙowa ya ƙaru. Amma ba komai ne ya tafi daidai ba. An yi ta kukan yana da nawa. Gwamnatinsa ta ƙi karɓar babbar shawarar Uwais, wato a cire hannun shugaban ƙasa daga zaɓo shugaban hukumar zaɓe. A Yulin 2009 kuma rikicin Boko Haram ya ɓarke, aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda, wutar da har yau ba ta mutu ba. Jarrabawa mafi girma kuwa tana jiran sa a cikin jikinsa.

Ranar 23 ga Nuwambar 2009 aka tafi da shi asibiti a Jidda, ciwon zuciya ya taso. Sashe na 145 na kundin tsarin mulki ya tanadi shugaban ƙasa ya rubuta wa majalisa takarda in zai yi nisa, don mataimaki ya riƙe. Ba a aika takardar ba. Kwana 78 Najeriya ta yi ba shugaba a kujera, ba muƙaddashi. Dubi yadda al'amari ya juya: mutumin da ya zauna a majalisar rubuta tsarin mulki, wanda bin doka ya zama takensa, wanda ya nuna wa duniya asusunsa, shi ne aka ɓoye halin da yake ciki, ministocinsa ma ba sa ganinsa. Nawa ne laifinsa, nawa ne na waɗanda suka kewaye gadonsa? Ni dai na fi ɗora wa na kewayen, domin marar lafiya a hannun masu jinya yake. Kai fa, mai karatu, da kana cikinsu, kujerarka na rataye da numfashinsa, za ka fito ka faɗa wa ƙasa gaskiya?

Ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisar tarayya ta fake da larura, ta ɗora Jonathan a matsayin muƙaddashi, tana kafa hujja da gajeriyar hirar da ya yi da BBC ta waya a Janairu. Ranar 24 ga wata aka dawo da shi Abuja cikin dare. Jama'a ba su sake ganinsa ba. Ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010 yana da shekara 58, washegari aka yi masa sutura a maƙabartar Ɗanmarna a Katsina. A wannan shekara aka gyara sashe na 145: in shugaba ya kwana 21 bai aiko da takarda ba, majalisa na da ikon ɗora mataimakinsa. Allah Ya jiƙan Umaru, Ya yafe masa kurakuransa.

Yau Jihar Katsina na da kujeru 34 a majalisar dokokinta, kuma da yawa daga masu nemansu da sunan noma suke zuwa mana, a lokacin da manomin Kurfi da Safana da Batsari ke shiga gonarsa da fargabar 'yan bindiga. Mai karatu, in kakar zaɓe ta zo, ɗan takara ya yi sallama a ƙofar gidanka, ka shimfiɗa masa tabarma, ka ba shi ruwa, sannan ka tambaye shi abu biyu: yaushe ruwan Zobe zai kai gonakin rani, kuma yaushe zai nuna mana takardar kadarorinsa kamar yadda Umaru ya nuna tasa.